'Ya'yan golfish a zafin Accra da Kumasi: me ke kawo girma da kyan siffa?

Abdul-Razak, Nima:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambayata a kan oranda da ranchu ce, iri biyu na kifin adon nan golfish. Me ke sa iyaye su kasance da kyau, ga kai ga wutsiya, amma 'ya'yan su fito sirara, idanu ƙwala-ƙwala, har wata uku ba su kai rabin ɗan yatsa ba? Laifin abinci ne, ko ruwa, ko zafin garin nan? Don Allah a faro mana tun daga zaɓen iyaye.

Malam Sani, Madina:
Wa alaikumus salam Abdul-Razak. Siririn jiki da manyan idanu alamar tsumburewa ce: jikin ya tsaya, idon ya ci gaba da girma. Mafi yawan lokaci cunkoso ne ke kawo ta, ba rashin abinci mai tsada ba. Amma bari in fara daga inda ka ce.

Mun saba cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to a wannan kifin sai an yi hattara. Asalinsa kifin kogi ne mai duhun launi da wutsiya ɗaya, mutanen Sin suka fara zaɓensa sama da shekara 1000 da suka wuce, daga baya mutanen Japan suka fitar da ranchu irin wanda muka sani. Gajeren jiki, wutsiya biyu, naman kai, duk hannun ɗan Adam ne ya tara su, kuma kowace haihuwa jinin yana ja da baya zuwa asali. Shi ya sa ko iyaye sun kai ƙarshen kyau, kaɗan ne cikin 'ya'yan za su kamo su.

Kada ka haɗa iri biyu. Ranchu ba shi da fiffiken gadon baya, oranda yana da shi. In ka gama su sai ka sami 'ya'ya masu guntun fiffike ko ƙulli a baya, ba su zama wannan ba, ba su zama wancan ba. Kada kuma mai wutsiya ɗaya ya kwana a wurin haihuwa, domin jinin wutsiya ɗaya yana danne na biyu, kuma shi ya fi su gudu, shi zai riga kowa isa ga macen.

Mace ta kai shekara biyu ya fi, namiji shekara ɗaya zuwa sama. Namijin da ya shirya za ka ga fararen ɗigo-ɗigo a marfin kunnensa da bakin fiffikensa na gaba, in ka shafa za ka ji kaushi. Macen cikinta ya yi laushi, in ka duba daga sama gefe ɗaya ya ɗan fi ɗaya cika. A raba su mako biyu ana ba su abinci mai gina jiki, sannan a haɗa maza biyu da mace ɗaya da yamma, a canza rabin ruwan da wanda ya ɗan fi sanyi. Yawanci da asuba za ka ji suna fantsama ruwa.

Abdul-Razak, Nima:
Na gode Malam. Fararen ɗigon nan ba cutar nan ba ce da ke fitowa a jikin kifi?

Malam Sani, Madina:
A'a. Na cutar suna watsuwa ko'ina har kan wutsiya, kifin yana goga jikinsa a bango. Na balaga a jere suke a wurare biyun da na faɗa kawai, kifin kuma yana cikin kuzarinsa.

Hajiya Rabi, Aboabo:
Sannu da ƙoƙari Malam Sani. In ƙara a kan lokaci. Wannan kifin na ƙasar da ke da sanyi da bazara ne, ya fi zuba ƙwai mai kyau a ruwa mai digiri 20 zuwa 25. Mu a nan ruwan roba da ke tsakar gida a watan Maris yana iya haura 30 da rana. Saboda haka a Accra ku nemi Yuli da Agusta, lokacin da gari ya fi sanyi. Mu na Kumasi muna da ƙarin dama a dararen hunturu. Bayan ruwan sama mai ƙarfi ma sukan yi, don ruwan ya ɗan huce. Za su iya haihuwa a kowane wata, amma ƙwan da ya ƙyanƙyashe cikin tsananin zafi ya fi fitar da masu karkataccen baya da naɗaɗɗiyar wutsiya. A ajiye robar ƙwai a inuwa, ƙasan daɓe mai sanyi, ba ƙarƙashin kwano ba.

Abin da za su zuba ƙwai a kai: sabon sapo na wanka wanda sabulu bai taɓa ba, a wanke da ruwan zafi a dunƙule, ko zaren saƙa na roba a ɗaure tuntu-tuntu a jikin murfin gora ya yi yawo a ruwa. Saiwar kainuwa ma tana yi, sai dai tana zuwa da tsutsar mazari, kuma guda ɗaya tak za ta iya cinye muku 'ya'ya da yawa cikin mako.

Da sun gama, kafin hantsi, a ɗauke ko dai iyayen ko sapon, domin suna juyowa ne su cinye ƙwan. Ƙwan bai kai girman ƙwayar gero ba, yana manne. Mai rai garau yake da ɗan ruwan zuma, washegari za ka hango ɗigo biyu baƙaƙe, idanu ke nan. Wanda bai ɗauka ba zai yi fari fat, sannan ya yi gashi-gashi, gashin nan kuma yana kama na kusa da shi. A tsince farare da ɗan tsinke in za a iya, a ɗiga shuɗin maganin nan metilin bulu har ruwan ya yi shuɗi kaɗan, ana ganin ƙasan roba. Iska a hankali. Zurfin ruwa santimita 10 zuwa 15, kada ya wuce haka.

A digiri 24 ko 25 suna fitowa cikin kwana uku, a 27 ko 28 kwana biyu da 'yan awanni. Za su maƙale a bango kamar kwana biyu suna shan abin da ke cikinsu. Kada a zuba komai a lokacin nan, ɓata ruwa ne kawai. Daga nan kowanne zai haura sama ya haɗiyi iska ya cika jakar iskar da ke cikinsa, dalilin rashin zurfin ke nan. Wanda ya kasa kaiwa sama shi ne za ka gani yana jan ciki a ƙasa, kuma da wuya ya gyaru.

Yakubu, Ashaiman:
Hajiya, da sun tashi ai gwaiduwar dafaffen ƙwai ta wadatar ko? A matse a ƙyalle, ruwa ya yi hazo, su ci. Ita ce a hannun kowa, ƙwan artemiya kuwa, 'yan mitsi-mitsin halittun ruwan gishirin nan da ake ƙyanƙyasa wa 'ya'yan kifi, sai an nema, ga tsada.

Hajiya Rabi, Aboabo:
Suna ci, Yakubu, ban musa ba. Amma a zafinmu gwaiduwa tana ruɓewa cikin 'yan awanni, abin da ya faɗi ƙasa kuma ya fi wanda suka ci yawa. In dole ce, a ɗebi abin da bai wuce kan ashana ba ga 'ya'ya ɗari biyu ko uku, a zuƙe ƙasan robar bayan awa ɗaya, kuma kada a wuce kwana biyu ko uku a kanta.

Alhaji Musa, Sabon Zongo:
Ni ina bayan Hajiya, har ma na fi ta tsanani. Makonni biyun farko su ne ginin kifin gaba ɗaya, ba wurin tsimi ba ne. Ƙaramin gwangwani na artemiya yana ɗaukar haihuwa da dama in an rufe shi sosai an sa a firiji.

Ga yadda ake ƙyanƙyasarta. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a yanke gindin, a kifa ta baki ƙasa. Ruwa lita ɗaya, gishiri giram 25 zuwa 30, wato kamar babban cokali biyu a shafe. Gishirin Ada mai tsakuwa yana yi sarai. Ƙwan artemiya rabin ƙaramin cokali. A zura tiyon iska har ƙasa ya riƙa juya su kada su kwanta. A zafin ɗakinmu awa 24 sun fito. A kashe iska a jira minti biyar zuwa goma: ɓawon zai taso sama, su kuma su taru ƙasa jawur. A zuƙo su da tiyo a kan hankici, a ɗauraye da ruwan daɗi, a ba kifi. Ɓawon kada ya bi su, yana toshe hanjin ƙananan. A ajiye gora biyu, ɗaya ta safe ɗaya ta yamma, domin artemiya tana rage amfani in ta daɗe bayan fitowa, a ruwan daɗi kuma 'yan awanni take yi ta mutu.

Alamar sun ƙoshi a fili take: ka haska tocila, cikin kowanne ya yi ja ya kumbura. Golfish ba shi da tumbi, hanji ne zalla, ba ya iya ajiye abinci. Saboda haka kaɗan-kaɗan sau huɗu zuwa shida a yini ya fi mai yawa sau biyu.

Daga mako ɗaya zuwa kwana goma a fara haɗawa da moyina, 'yan jajayen ƙwarin ruwan nan masu tsalle-tsalle. Ita tana son zafi, kuma tana rayuwa a robar kifin har a cinye ta, ba ta ɓata ruwa. Ana renonta a baho da koren ruwa da ɗan yis kaɗan. A yi baho biyu don takan mutu rana ɗaya ba sallama. A rufe su da gidan sauro, don Allah. Kada kiwon kifinmu ya zama zazzaɓin maƙwabta.

Yakubu, Ashaiman:
Na karɓa Alhaji. To abincin buhu fa, irin na 'ya'yan tarwaɗa da tilapiya?

Alhaji Musa, Sabon Zongo:
Daga mako na uku. Wanda sinadarin gina jikinsa ya kai kashi 40 zuwa 45, a daka a tankaɗe daidai bakinsu, a fara ba su shi da safe suna jin yunwa, mai rai ya biyo baya. A sayi kaɗan. Abincin da ya yi watanni a buɗe cikin zafi bitamin C ɗinsa ya tafi, rashinsa kuma yana lanƙwasa ƙashin baya. In ka ji warin tsohon mai, zubar.

Malam Sani, Madina:
Yanzu mu zo kan abin da ya tsumburar da na Abdul-Razak. Mace ɗaya tana zuba ɗaruruwa, babba ta haura dubu. Ba wanda ke da wurin renon dubu a gidan haya. Wanda ya ƙi ragewa, duka za su lalace tare, masu kyan da marasa kyan.

Faɗin saman ruwa ake lissafawa, ba zurfi ba. A wuri mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, abin da nake ba da shawara: mako biyu, kada su wuce 250, wata ɗaya, 80 zuwa 100, wata biyu, 30 zuwa 40, wata huɗu, 15 zuwa 20. Da iska da canjin ruwa ke nan. Tamfol da aka kewaye da bulo ko katako ya fi dogon tankin gilashi amfani nesa ba kusa ba.

Tankaɗen farko, wato cire marasa kyau, a kwana 12 zuwa 15, suna kamar santimita ɗaya da ɗoriya. Farin kwano, ruwan robarsu, a ɗebo goma-goma da cokali ko ƙaramin kofi, ba da raga ba, a duba daga sama cikin hasken safe. Abu biyu kawai ake nema: mai wutsiya ɗaya, da mai karkataccen jiki. Mai kyau daga sama za ka ga wutsiyar ta buɗe hagu da dama daidai wa daida.

Na biyu a wata ɗaya. A nan ake duba ko wutsiyar ta rabu a tsakiya, ko ta tsuke, ko gefe ɗaya ya naɗe. A sa su a gilashi a duba ta gefe: ranchu bayansa ya zama sumul, ba ƙaya ba rami, oranda da ryukin, wani irin golfish mai tozo, fiffiken baya ya miƙe cikakke. A leƙa ƙarƙashi kusa da wutsiya, ƙananan fiffike biyu ake so su fito a jere. Na uku a wata biyu, lokacin ana ganin faɗin kai da kaurin gindin wutsiya. Faffaɗan kai mai tazara tsakanin idanu shi ke ɗaukar nama daga baya. Mai tsinin baki ba zai yi ba ko me aka ba shi.

A kula da waɗanda suka yi wa sauran fintinkau a girma. Ido yana son su, amma sau da yawa su ne masu dogon jiki da suka koma asali, suna cinye abincin, har su haɗiye ƙannensu. A ware su gefe a sake dubawa.

Ustaz Hamza, Asawase:
Malam Sani, ina da magana a nan. Kwana 12 bai yi wuri ba? Wutsiyar da ta tsuke tana iya buɗewa. Na biyu kuma, waɗanda aka cire rayuka ne. Me za a yi da su? Bai kamata mu koya wa yara watsar da abu mai rai a kwata ba.

Malam Sani, Madina:
Gaskiyarka Ustaz, a duka biyun. Shi ya sa na ce abu biyu kawai a karon farko, waɗanda ba sa canzawa har abada: wutsiya ɗaya ba ta zama biyu, karkataccen ƙashi ba ya miƙewa. Wanda ake shakka a kansa a bar shi zuwa zagaye na gaba.

Masu wutsiya ɗaya lafiyarsu ƙalau, sun ma fi sauran ƙarfi; a ba masu kwarmin ruwa a gida ko a sayar da su a matsayin abin da suke, ba da sunan oranda ba. Nakasassun da ba za su iya ci ko iyo ba, a sauƙaƙa musu da man kanumfari: kamar mililita 0.4 a lita ɗaya, a girgiza shi da ɗan ruwan ɗumi, a zuba a hankali, su yi barci, a bar su ciki aƙalla minti goma bayan numfashi ya tsaya. Kwata da rafi da tafki kuwa babu su a lissafi. Azaba ce ga kifin, wanda ya rayu kuma zai iya kai cuta ga kifin ƙasa.

Wanda zuciyarsa ba ta ɗaukar wannan, akwai hanya: tun ranar farko ya ɗauki dunƙulen sapo ɗaya kawai, ya bar wa iyayen sauran ƙwan.

Ustaz Hamza, Asawase:
Wannan ta ƙarshen ta fi kwanta mini. Allah ya saka da alheri.

Maman Fati, Maamobi:
Ba a taɓo ruwa sosai ba, alhali shi ke kashe su dare ɗaya. Ruwan famfo, na Weija ne ko Kpong ko Barekese, da kilorin yake zuwa. A tara a buɗaɗɗen durom da dutsen iska kwana ɗaya zuwa biyu, ko a sa maganin kashe kilorin. Durom ɗin ya zauna kusa da robar kifin don zafinsu ya zo ɗaya. Ruwan da ya sauko daga baƙin tankin saman rufi da azahar yana iya dafa su. Ruwan tanka da ba a san inda aka ɗebo ba, da na burtsatse mai ɗanɗanon gishiri, a gwada da 'ya'ya biyar a kwano su kwana tukuna.

Makon farko a zuƙe ƙasa kullum da siririn tiyon iska, cikin farin bokiti don a ga wanda ya biyo, a mayar da kashi 10 cikin ɗari a hankali. Daga mako na biyu kashi 20 zuwa 30 kullum. Daga wata ɗaya rabi duk kwana biyu, in ana ciyarwa yadda Alhaji ya ce. Matatar soso kawai, kuma wadda ta riga ta yi makonni a tankin manya. Mai injin tsotsa tana haɗiye su, igiyar ruwa mai ƙarfi kuma tana matse wutsiyar da ba ta yi ƙwari ba.

Abu biyu ke haɗuwa a kanmu a nan. Ruwan zafi ba ya riƙe iskar shaƙa: a digiri 20 kusan miligiram 9 a lita, a 30 kusan 7 da rabi, ga kifin kuma yana ci yana numfashi fiye da kima. Sannan amoniyar da ke fita daga jikinsu dafinta yana ƙaruwa kusan ninki goma in pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya tashi daga 7 zuwa 8. Sabon kwarmin siminti yana tura pH sama sosai, don haka a jiƙa shi ana zubarwa makonni uku ko huɗu, a auna, kafin kifi ya shiga.

Dumsor kuma, wato ɗaukewar wuta, a shirya masa tun kafin ya zo: ƙaramin famfon iska mai batir. In wuta ta tafi babu shi, a daina ciyarwa nan take, a canza kashi ɗaya cikin uku, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana zubowa daga sama.

Abdul-Razak, Nima:
Mama, wasu suna cewa koren ruwa ya fi, wasu su ce datti ne.

Maman Fati, Maamobi:
Ba datti ba ne ɗana, ƙananan tsirrai ne; suna shan amoniya, kifin yana cin su, launinsa yana ƙara fitowa. Haɗarinsa in ya yi kauri. Da dare yana shanye iskar, da asuba ka tarar da su a sama suna haki. Da tsakar rana kuma iskar ta yi yawa har kumfa ya fito a cikin wutsiya ya yaga ta. Ka sa hannu zuwa wuyan hannu, in ba ka ganin yatsunka, ka tsinka shi da sabon ruwa. Ranar safe ta isa, daga ƙarfe sha ɗaya a yi inuwa. Raga a sama saboda mazari, kwaɗo, tsuntsu da kyanwa.

In kuma ruwa lafiya amma a mako na uku ko na huɗu ka ga suna mutuwa kaɗan-kaɗan, marfin kunne a buɗe, fiffike a tsuke, ka zargi tsutsar kunne da suka gada daga iyaye. Maganinta furazikwantel, bisa awon da ke jikin kwalin, a maimaita bayan mako. Ya fi kyau a yi wa iyayen tun kafin a haɗa su.

Hajiya Rabi, Aboabo:
A kan siffa, zurfi yana da tasiri. Masu ranchu na Japan a ruwa mara zurfi suke renonsa, santimita 15 zuwa 25, don daga sama ake kallonsa. Ryukin mai tozo da oranda mai dogon fiffike, bayan wata biyu a kai su 30 zuwa 40. Daga lokacin a koma abinci mai nutsewa ko a jiƙa shi, a haɗa da dafaffen ganye ko wake kore da aka ɓare, domin gajeren jiki ya matse jakar iskarsu, cushe su da busasshen abinci yana sa su kifewa. Abincin yini kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na nauyinsu. Kada a yi gaggawar ƙiba: kifin da ya tara teɓa kafin ƙashinsa ya yi faɗi, kansa yakan zauna ƙarami.

Kada kuma a cire kifi saboda launi. Masu ƙyalli duk da ruwan ƙasa suke farawa, su yi duhu kusan baƙi, sannan ja ya faso daga ciki zuwa sama, yawanci daga wata biyu zuwa huɗu, zafinmu ma yana hanzarta shi. Masu dabbare-dabbare daban ne: in ka haɗa biyu, kusan rabi ne ke fitowa irinsu, kashi ɗaya cikin huɗu masu ƙyalli, ɗaya cikin huɗu farare masu baƙin ido.

Abdul-Razak, Nima:
Allah ya ƙara ilimi. To waɗannan da suka riga suka kai wata uku a tsumbure, akwai abin yi?

Malam Sani, Madina:
Akwai, in ka yi yau. Zaɓi goma sha biyar mafi miƙaƙƙen baya da faɗin kai, ka ba su mita ɗaya su kaɗai, sauran ka rabar. Canjin rabin ruwa duk kwana biyu, abinci sau biyar, moyina a ciki in ka samu. Ka auna tsawon guda uku da rula ka rubuta, ka sake aunawa bayan mako uku. Waɗanda suka motsa za su yi kifin kallo mai kyau, ko da ba su kai girman iyayen ba. Na haihuwa kuwa ka jira zubi na gaba, ka shirya roba uku da gorar artemiya kafin ka haɗa iyayen.